Idan ƙafa ɗaya ta kumbura: abin da na koya a zama da ciwon daskarewar jini

Kwana goma sha ɗaya da haihuwar 'yata ta uku, an sha suna baƙi sun watse, na sauko daga gado da asuba sai ƙafata ta hagu ta ƙi ɗaukata. Aiki aka yi mini aka ciro yarinyar, don haka tun da muka dawo gida kwanciya ta fi yawa, kowa na cewa in huta kar ɗinki ya buɗe. Sha-raɓar ta yi tauri kamar an ɗaure ta da igiya, fatar tana sheƙi, in na taɓa sai in ji ta fi ta dama zafi. Gwaggona da ta zo mini zaman jego ta duba ta ce sanyi ne ya shige ni. Ta gasa ƙafar da ruwan zafi, ta shafa man zafi, ta zauna ta yi ta tausa safe da yamma. Wata maƙwabciya ta ce daji ne, wata ta ce wani abu na tsallaka. A rana ta uku, daga ɗaki zuwa tsakar gida kawai na taka, sai haki ya kama ni kamar wadda ta yi gudu. Nan maigida ya ce a'a, a tafi asibiti.

Da aka ɗora mini na'urar hoto a cinya, likitar ta juyo da allon ta nuna mini. Ta ce jijiya mai lafiya in an danna ta takan lotse, tawa kuwa ta ƙi lotsewa, domin akwai gudan jini a ciki tun daga bayan gwiwa har cikin cinya, kuma alamu sun nuna wani ɓangare ya ɓalle ya tafi huhu. Tambayar da ta fara yi mana ita ce ko an tausa ƙafar. Gwaggo ta sunkuyar da kai. Har gobe ban ga laifinta ba, abin da ta gada ta yi, kuma don ƙauna ta yi shi. Ita da ni duk ba mu taɓa jin cewa jini na iya daskarewa a cikin jijiyar mai rai ba.

Daskarewar jini a kan kanta rahama ce. In wuƙa ta yanke ki kina yanka albasa, daskarewar ce ke tsayar da jinin. Matsala tana zuwa ne in ya daskare a cikin manyan jijiyoyin da ke can cikin tsoka, waɗanda ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Jinin ƙafa hawa yake yi, kuma abin da ke tura shi sama shi ne matsawar tsokar sha-raɓa duk lokacin da aka taka. In mutum ya daɗe bai motsa ba sai jinin ya kwanta, kamar kokon da aka dama aka bar shi ba juyawa, ya fara guda-guda. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, wanda aka haifa ranar 13 ga Oktoba 1821, shi ake jingina wa bayanin abubuwa uku da ke haddasa wannan: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin kamewa. Ranar haihuwarsa ce aka mayar ranar wayar da kai kan ciwon a duniya tun 2014. Ni duka ukun sun haɗu a kaina: ga kwanciya, ga tiyata, ga jinin mai jego, wanda Allah Ya sa yake saurin daskarewa don kar mace ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa. Wannan hali yana nan har mako shida bayan an sauka, wato kusan daidai da arba'in ɗinmu.

Ba masu jego kaɗai ba ne. Wanda ya karye aka ɗaure ƙafar, a asibiti ne ko a wurin maɗori, ya yi makonni a kwance. Wanda aka yi wa babbar tiyata. Tsohon da jinya ta kwantar. Mai ciwon daji, mai sikila, mai ƙiba sosai, mai shan taba, macen da ke shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Direban tirela da fasinjan motar dare. Akwai kuma gidajen da abin ke bin jini, shi ya sa likita zai tambayi ko wani a dangi ya taɓa yi.

Abin da za ku duba

Ƙafa ɗaya, wannan shi ne abin riƙewa. Kumburi a ƙafa ɗaya, ciwo a sha-raɓa ko cinya kamar jijiya ta ɗaure amma ya ƙi saki, ɗumi, da canjin launi. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi. In akwai tef ɗin tela a gida, a auna kaurin sha-raɓa biyun a wuri ɗaya, kamar santimita 10 ƙasa da gwiwa. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin a tashi tsaye ne. Amma ko tef bai nuna komai ba, in ciwon na nan kuma mutum na cikin waɗanda na lissafa, a je a duba. Wani lokaci a hannu yake fitowa.

Kar a tausa, kar a ja ƙafar, kar a ɗaure ta, kar a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ƙaho. Gudan yana manne ne da bangon jijiya, in ya ɓalle jini zai ɗauke shi ya bi ta zuciya ya je ya toshe hanyar huhu, kuma wannan shi ke kisa. Alamarsa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ciwon ƙirji da ke ƙaruwa in an ja numfashi, zuciya na bugawa da sauri, tari da jini, jiri ko suma. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda gudan ya toshe wa huhu, mutuwar fuju'a ce alamar farko da ake gani. Duk lokacin da na ji an ce mai jego "lafiyarta ƙalau, ta tashi za ta shiga wanka ta yanke jiki ta faɗi", sai gabana ya faɗi. In kun ga waɗannan alamu, ko ƙarfe biyun dare ne, a nemi mota. Kar a bar mara lafiyar ya taka da ƙafarsa zuwa titi.

Mai jegon da ƙafafunta biyu suka kumbura tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, wannan ya fi kama da ciwon zuciyar bayan haihuwa da ya yi yawa a ƙasar Hausa. Shi ma asibiti ne a ranar.

In kun isa, ku faɗi abin a fili: ƙafa ɗaya ce, yaushe ta fara, an yi tiyata ko haihuwa ko doguwar tafiya, kuma kuna tsoron gudan jini. Hoton da ake yi sunansa Doppler, ba zafi ba allura. In ƙaramin asibiti ne ba su da shi, ku roƙi takardar turawa zuwa babba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen likitocin jini.

Maganin, da yadda ake zama da shi

Sunayen magunguna zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don ku gane su in kun gani.

Mutane na ce masa maganin tsinka jini, har wasu na zaton jinin zai koma ruwa. Aikinsa shi ne ya hana gudan ƙaruwa, ya hana wani sabo fitowa, jiki kuma da kansa ya narkar da tsohon a hankali cikin makonni ko watanni. Shi ya sa ba a dainawa don kumburi ya saɓe. Mafi ƙarancin lokaci wata uku ne, wasu wata shida, wasu har iyakar rayuwa.

Ni da allurar Clexane aka fara mini, ƙarƙashin fatar ciki, nesa da ɗinki, tare da ƙwayar Warfarin. Ana haɗa su ne na aƙalla kwana biyar domin Warfarin ba ya kama jiki nan take. Za ku ji masu cewa ai maganin ɓera ne. Asalin labarin gaskiya ne. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata harawa da ta ruɓe. Masana a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin, suka samar da Warfarin daga gare shi, aka fara sayar da shi don kashe ɓera a 1948, aka amince a ba mutane a 1954, har shugaban Amurka Eisenhower ya sha shi a 1955 bayan bugun zuciya. Abin da labarin ke nunawa shi ne awo ne komai a wannan magani. In ya yi kaɗan gudan ya dawo, in ya yi yawa jini ya ɓalle.

Awon kuwa gwajin jini ne da ake kira INR. Na mai lafiya yana wajen 1, mu ana so namu ya zauna tsakanin 2 da 3. Da farko kusan kowane mako ake yi, in ya daidaita sai a koma kamar wata-wata. Ki sayi ƙaramin littafi, duk gwaji ki rubuta kwanan wata, sakamako, da adadin da aka ce ki sha. Nawa na uku nake ciki yanzu, kuma ya fi bakina iya yi wa sabon likita bayani.

Lokaci ɗaya kullum. Ni bayan sallar isha'i na zaɓa, na sa ƙararrawa a waya. In kin manta kika tuna a ranar, ki sha. In sai washegari kika tuna, ta wuce, kar ki haɗa biyu, ki rubuta a littafi. Sannan ki riƙa karanta lambar da ke jikin ƙwayar, kar ki dogara da kala. Kamfanoni sun bambanta: a tsarin Ingila ƙwaya mai ruwan hoda miligiram 5 ce, a na Amurka kuwa mai ruwan hoda miligiram 1 ce, kuma magungunanmu daga ko'ina ake shigo da su.

Akwai sababbi da ba sa bukatar wannan gwaji, irin su Xarelto da Eliquis. Xarelto da abinci ake shan sa, Eliquis sau biyu a rana. Sun fi sauƙin sha'ani amma sun fi tsada, kuma ƙarfinsu na fita daga jiki da wuri, tsallake rana ɗaya ma kasada ce. Shawarata, ku gaya wa likita gaskiyar aljihunku. Gara maganin da za ku iya saye wata bayan wata da wanda za ku fara ku yanke a tsakiya.

Maganar miya

Nan ne na fi shan wahala, kuma nan ne aka fi ruɗa mutane. Warfarin yana aiki ne ta hanyar dakushe bitamin K, wanda hanta ke amfani da shi wajen haɗa sinadaran daskarar da jini. Bitamin K kuwa a koren ganye ya fi yawa, mu kuma ganye ne rabin cimarmu: alayyahu, zogale, rama, yakuwa, tafasa, kabeji, latas, ga kuka da ba ta barin tukunya. Da aka fara gaya mini sai na ɗauka an haramta mini su ke nan, na koma shinkafa da miyar dage-dage, ga shayarwa, na rame. Da na koma asibiti likitar jini ta ce ba haka ake nufi ba. In ci ganyena yadda na saba, su kuma za su daidaita maganin da cimata. Abin da ba a so shi ne yau babu gobe tuli.

Na ga hakan da idona. Damina ta faɗi, zogale da rama suka yi arha, na yi mako guda kullum da kwaɗo cike da kwano. Da na je gwaji INR ya sauka ƙasa da 2. Yanzu tsarina shi ne miyar ganye kamar sau huɗu a mako, rani da damina, kwaɗo ƙaramin kwano sau ɗaya ko biyu. In zan yi tafiya ƙauye inda na san cima za ta canza, ina yin gwaji in na dawo. Garin zogalen da ake sha cokali-cokali a matsayin magani kuwa na bar shi gaba ɗaya. Tafarnuwa da citta a girki ba komai, amma haɗiyar tafarnuwa ɗanya da safe ko jiƙon citta mai kauri don magani, a bari. Masu shan Xarelto ko Eliquis wannan lissafin ganye bai shafe su ba.

Kemis, wanzami da mai jiƙo

Abin da ya kusa kai ni ƙasa ciwon haƙori ne. Na aika yaro kemis, aka haɗo mini magani a leda, ba kwali ba suna. Kwana uku ina sha, sai dasashina ya fara jini, ga tabo baƙi-baƙi a cinya ba tare da na buge ba. Ashe akwai Diclofenac da Flagyl a ciki. Ban faɗa wa mai kemis ina shan Warfarin ba, shi kuma bai tambaya ba.

Magungunan ciwon jiki irin su Aspirin, Ibuprofen, Diclofenac, Piroxicam, har da garin Alabukun, wanda aspirin ne a cikinsa, duk suna ƙara haɗarin zubar jini, musamman a ciki. Paracetamol shi ne namu, shi ma ba a wuce ƙa'ida. Flagyl, Septrin, Ciprofloxacin da Fluconazole suna ƙara wa Warfarin ƙarfi, Rifampicin na tarin fuka kuma rage masa ƙarfi yake yi sosai. In dole a sha su, likita zai sa a matso da gwaji. Allurar tsoka ma, irin wadda ake yi a ɗuwawu don zazzaɓi, tana iya tara jini a wurin, a nemi wata hanya.

Doka ɗaya na kafa wa kaina: duk wanda zai ba ni wani abu in haɗiya, ko zai kusanci fatata da ƙarfe, sai na fara gaya masa. Likitan haƙori, nas, mai kemis, mai huda kunne. Maza su gaya wa wanzami, kuma aski da inji ya fi aska. Ƙaho na san da yawa suna yin sa da niyyar sunna, ina girmama hakan, amma mai shan wannan magani ya jinkirta har sai likitansa ya sallame shi. Jiƙe-jiƙen basir da shawara da ake tallarsu a tasha, da haɗe-haɗen mata, ba wanda zai iya gaya miki abin da za su yi wa INR ɗinki, don haka na yafe su. Asuwaki mai taushi ko buroshi mai laushi. A jakata akwai ɗan kati da sunan maganin, adadinsa, da lambar maigida, ko da hatsari zai same ni ba na iya magana.

Ƙaramin yanka a danne shi da tsabtataccen ƙyalle, zai tsaya, sai dai ya ɗan jima. Haɓo a zauna a sunkuyo gaba a matse hanci. Abin da ke bukatar asibiti nan take shi ne haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, matsanancin ciwon kai, ko buguwa a kai ko da ba a ga rauni ba. Faɗuwa daga babur na cikin wannan.

'Yan'uwana mata, jinin al'ada na iya ƙaruwa. In kina canza audugar mata kowace awa, ko kina jin jiri, ki je a duba, kar ki tsayar da maganin da kanki. Warfarin na iya nakasa ɗan tayi, don haka in kina son ciki ki yi magana da likita tun kafin, in kuma kin ga ɓatan wata ki je a ranar, za a mayar da ke kan allura. Shayarwa ba matsala da Warfarin, na shayar da tawa har yaye. A wurin tazarar haihuwa ki faɗi tarihinki, domin ƙwayoyin da ke da sinadarin istirojin ba namu ba ne, akwai robar mahaifa da ashanar hannu.

Wata shida na yi aka sallame ni. Bayan shekara huɗu na bi motar dare zuwa biki Legas. Ina kujerar taga, kaya a ƙarƙashin ƙafata, na ƙi shan ruwa don kar fitsari ya matse ni a hanya, kamar yadda yawancinmu mata ke yi. Kwana biyu da isa, ƙafar nan dai ta hagu ta sake tashi. Wannan karon ban bari kowa ya taɓa ta ba, a ranar na je asibiti, kuma tun daga nan nake kan magani ba yankewa. Kusan mutum uku cikin goma abin na dawo musu cikin shekara goma, don haka wanda aka sallama ma kar ya saki jiki.

Duk zaman da ya wuce awa huɗu a mota ko jirgi haɗari ne. Yanzu kujerar bakin hanya nake nema, ba na sa kaya a gaban ƙafa, duk inda aka tsaya sai na sauka na taka. Ina zaune ina ɗaga dunduniya ina saukewa, ina juya idon sawu, kuma ina shan ruwa. Maniyyata su lura, daga Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne a sama, ban da zaman sansani. A sa magani a jakar hannu da rarar kwanaki, a sanar da likitocin tawaga.

Azumi ina yin sa da izinin likita. Ƙwayar tawa dama ta dare ce, ina shan ruwa sosai tsakanin buɗe-baki da sahur, ina gwaji kafin watan ya kama da kuma tsakiyarsa, tunda cima na canzawa. Mai shan magani sau biyu a rana ya zauna da likita kafin Ramadan. Wanda ciwon ya kama sabo-sabo, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame, ya karɓa.

Ƙafar ba ta koma kamar da ba. Gudan ya lalata 'yan ƙofofin da ke cikin jijiya masu hana jini komawa ƙasa, shi ya sa da yamma takan yi nauyi, idon sawu ya ɗan tasa, fatar wurin ta fi duhu. Ina sa safar matsi da aka auna mini a asibiti, tun da safe kafin in sauko daga gado, in cire da dare. A zafin watan Afrilu akwai wuya, amma ranar da ban sa ba ina gane bambanci. A ajin da nake koyarwa ba na tsayawa wuri ɗaya, ina zagayawa tsakanin bencina. In na dawo gida sai in kwanta in ɗora ƙafar kan filo biyu na ɗan lokaci, in shafa mata mai don kar fatar ta tsage ta zama gyambo. Bayan la'asar ina tafiyar rabin awa. Da zarar an fara magani kuma likita ya yarda, tafiya na taimakon ƙafar, kwanciya ce ke cutar da ita.

Shekarar farko tsoro ya hana ni barci. Ko ɗan motsi na ji a ƙirji sai in tashi zaune ina salati. Abin ya ragu ne da na san alamun da kyau, na kuma faɗa wa likita da maigida halin da nake ciki maimakon in haɗiye.

Yanzu in na je barka, bayan an gaisa na ɗauki jariri na yi masa addu'a, nakan matsa kusa da mai jego in ce, ƙanwata, miƙo ƙafafunki in gani. In dube su biyun a jere, in tambaye ta ko tana tashi tana zagaya tsakar gida, ko tana shan ruwa, ko numfashinta daidai yake. Gwaggo ma haka take yi yanzu a duk gidan da aka kira ta zaman jego. Bara ta bugo mini waya daga ƙauye da sassafe, ta ce wata yarinya ƙafarta ɗaya ta tasa, ta hana kowa taɓawa, ga su nan a mota, wace ƙofa za su shiga in sun iso asibitin.